Wasiƙar Hannu da Hannu

A gidanmu ni ne wanda ake aika. Mahaifinmu malami ne, kakanninsa daga Borno suka zo suka zauna a cikin birni, kuma yana da abokan karatu a unguwanni da dama da yake rubuta wa wasiƙa da ajami. Ba ya liƙe ta. Ninkewa kawai yake yi, ya miƙo, ya ce a kai wa Malam wane a Goron Dutse, hannu da hannu. Da farko yayana yake aika. Wata rana Yaya ya tsaya a gindin dutsen ya warware takardar ya karanta, ya tarar ba komai a ciki sai roƙon aron littafi, ya dawo yana ba mu labari yana dariya. Maganar ta kai kunnen Baba. Bai dake shi ba, bai ma yi faɗa ba. Ya dai daina aikensa har ya bar duniya, ya koma aikena. Sau ɗaya tak ya ce da ni, "Wasiƙa amana ce. Ɗan aike ƙafa gare shi, ba shi da ido."

Na riƙe wannan magana sama da shekara arba'in. Yaya ya tafi Ƙofar Mata ya zama marini, ni kuma na zauna a Kurmi ina dukanci, ina ɗinka gafaka da jakunkuna. Ban yi boko mai nisa ba, ban yi karatun Baba ba, amma duk wanda ya san ni ya san za a ba ni saƙo a juya baya ba tare da an waiwayo ba. Da wannan nake taƙama. Kowa da abin da yake ɗaga kafaɗa da shi.

Ciwon Yaya ta ido ya fara. Hannunsa shuɗi ne tun ina yaro, shuni ya kama shi har ƙarƙashin farce, sai ga ido ya zama rawaya. Ya dubi kansa a madubin wanzami ya ce, "Saura ja, sai a kafa ni a ƙofar ofis a ce tuta ce."

Aka ce shawara ce. A unguwarmu kowa likitan shawara ne. Wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo ɓawon itace, wata tsohuwa ta aiko da rake ta ce ya yi ta sha, kuma duk bakinsu ya zo ɗaya cewa mai shawara ba ya zuwa asibiti, don allura na iya kashe shi. Yaya ya sha duk abin da aka jiƙa. Fitsarinsa ya koma kamar shayin da aka manta a kan wuta. Ƙaiƙayi ya hana shi sakat, har ya ajiye totuwar masara a aljihu yana susa da ita. Rigarsa ta fara yi masa yawa.

Babbar 'yarsa ce ta tsaya kai da fata sai an je asibiti. Malamar makaranta ce, ita kaɗai ce a gidan take karanta Turanci ba tare da ta bi layi da yatsa ba. Da yake ba ta iya barin aji kullum, rakiya ta faɗo kaina.

Asibitin farko ƙarami ne, kusa da ganuwa. Likitar yarinya ce mai natsuwa. Ta ce ya buɗe tafin hannu ta ga ko yana da jini, ya buɗe, ta ga shuɗi, duk muka yi dariya har da ita. Ta sa aka yi hoton ciki. Da ta gani ta tura mu wani wuri na kuɗi aka yi na biyu, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura kamar burodi a tanda. Suka ce su za su aika mata da sakamakon. Ranar da muka koma ba ta yi dariya ba. Ta shiga wani ɗaki ta daɗe, ta fito da babban ambulan ruwan ƙasa, a liƙe, an buga masa hatimi, da sunan wani babban likitan tiyata a bayansa.

Ta ce, "Malam, akwai abin da ya toshe hanyar matsarmama, aikin ya fi ƙarfin nan. Ku je babban asibiti, kada ku yi jinkiri. Wannan ka ba shi hannu da hannu. Kada ka bar ta wurin masu kati, can takarda ƙafa take yi."

Ba ta faɗi sunan ciwon ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mu mutane ne masu kunya. Ba ma faɗa wa mutum mummunan abu a fuskarsa. Rubutawa muke yi da Turanci, mu liƙe, mu ba ƙaninsa ya riƙe masa.

A cikin ambulan ɗin nan akwai hoton, akwai bayaninsa, akwai kuma sauran damar da ta rage wa Yaya ta a yi masa aiki. Ban san haka ba. Abin da na sani shi ne an ce hannu da hannu, kuma an faɗa wa wanda ya dace. Ranar na yanko jar fatar akuya mai laushi na ɗinka wa wasiƙar gafaka daidai ita, na sa mata shafi daga ciki don kada gumi ya taɓa ta. Saura mako biyu a fara azumi.

Washegari da sassafe muna babban asibiti. Na miƙa katin Yaya, mai kati ya dube shi kamar na miƙa masa kuɗin wata ƙasa.

"Wannan na can ne, Baba. Nan sabo za a buɗe."

"Ai mutumin ɗaya ne," in ji Yaya.

"Mutum ɗaya ne, asibiti biyu ne."

Aka buɗe sabo. Aka ce babban likita ranar Talata yake ganin marasa lafiya. Talata muka zo, aka ce ya yi tafiya, ya je wani taro da ake yi a kan yadda asibitoci za su riƙa haɗa kai da juna. Na ce Allah ya sa a dace. Talatar da ta biyo baya sunaye sun cika tun kafin mu iso. Mai kati ya ce in kawo wasiƙar ya sa a fayil, na ce masa ya yi haƙuri, amana ce.

A Talata ta uku wani ƙaramin likita ya duba Yaya, saurayi mai ladabi, har da ce masa sannu Baba.

"An yi masa hoto?"

Na ce an yi, a wancan wurin.

"Ina sakamakon?"

"Wallahi ban sani ba, likita. Sun ce wa likitar can za su aika. Ni dai wannan aka ba ni."

Na zaro ambulan daga gafaka. Ya miƙo hannu, idonsa ya faɗa kan sunan da ke baya, sai ya janye kamar ya taɓa tukunya mai zafi.

"A'a, wannan ta Oga ce. Riƙe masa har ya dawo."

Na ji daɗi ƙwarai. A raina na ce wannan yaro ɗan gidan mutunci ne, an yi masa tarbiyya. Mu biyu muka tsaya muna girmama takarda, mai ciwon yana gefe yana susa da totuwa.

Ya rubuta a sake hoto, don ko da an samo wancan, su ba sa aiki da hoton waje. Muka je ɗakin hoto aka ce na'urar ta lalace, ana jiran mai gyara daga Legas. Wata ma'aikaciya ta tausaya mana ta ce mu gwada wani asibitin a can ɗaya gefen gari, tasu tana aiki.

Tana aiki kuwa, sai dai ba ta aiki da takardar wani asibiti. Dole likitansu ya gan shi, kafin likitansu ya gan shi kuma dole a buɗe kati. Kati na uku ke nan. Likitan ya ɗaga fatar idon Yaya ya ce wannan ai hanta ce, a kwantar da shi. Kwana tara ya yi a can cikin azumi, ana ƙara masa ruwa, ana ɗibar jini. Duk gwajin da aka yi a asibitin farko aka sake, duk wanda aka yi a na biyu aka sake. Yaya ya ce da mai ɗibar jinin, "Yarinya, ki rage mini na komawa gida." A ƙarshe suka ce ba su ga ƙwayar ciwon hanta ba, lallai a yi hoto, layin hoto kuma sai bayan Sallah. Can ma na nuna ambulan. Can ma aka ga sunan aka ce ai wannan ba tasu ba ce.

Sai na ce bari in nemo hoton nan na wurin kuɗi da ƙafata, tun da ƙafa ce sana'ata ta asali. Na koma ƙaramin asibitin nan. Likitar ta gama bautar ƙasa ta koma garinsu, ba wanda ya riƙe lambarta. Mai kati ya shiga ya fito da fayil mai suna irin na Yaya, na wani bawan Allah da ya karye a ƙafa. Na je wurin da aka ɗauki hoton, suka ce sun ba likitarmu tuni, kuma ba sa ba wa dangi. Kwana uku ina zagaya birni da bakin azumi, daga wannan taga zuwa waccan, ina neman abin da ke ƙarƙashin hammatata.

Bayan ƙaramar Sallah, wata rana da la'asar, muna zaune a zauren gidan Yaya. Yana kishingiɗe a kan tabarma, ya daina zuwa marina, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. 'Yarsa ta dawo daga makaranta, ta durƙusa ta gaishe mu, idonta yana kan gafakar da ke cinyata.

"Baffa, don Allah ka ba ni in karanta. In ya so sai a sake liƙewa."

Na ce, "Ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ga sunan mai ita nan."

"Ciwon Babana ne a ciki, Baffa, ba sirrin gwamnati ba."

Yaya ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ke, ƙyale shi. Ba zai buɗe ba. Ni guda ɗaya na buɗe aka kore ni daga aiki, shi ya gaji kujerar. Yanzu so kike ya rasa muƙaminsa?"

"Wata biyu fa ke nan," in ji ta.

Na ce, "Ko shekara ce, an ce hannu da hannu. Ba haka aka rene mu ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baffa." Ta tashi ta shiga gida. Gafakar tana nan a gabanta, da ta miƙa hannu ta fizge ba abin da zan iya yi. Ita ma tarbiyya ta hana ta. Gidanmu gidan tarbiyya ne, ba wanda zai ce ba haka ba.

Sai a watan Zulƙida muka ga babban likita. Tsakanin nan an yi yajin aiki, an janye, ya yi wata tafiyar, ya dawo. Dattijo ne mai furfura, ga alama a gajiye yake, ya amsa gaisuwarmu da kyau. Na miƙe tsaye, na zaro wasiƙar, na miƙa masa da hannu biyu. Ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Ya sa yatsa ya farke ta kamar ledar gyaɗa. Faifan hoto ya faɗo kan tebur, da takardu uku.

Ya karanta. Ya koma sama ya dubi kwanan wata. Ya cire tabarau.

"Malam, ina kuka shiga?"

Na lissafa masa. Asibiti uku, kati uku, Talata ban san adadi ba. Ya saurara har na gama, sannan ya sa faifan a na'urarsa ya juyo mana da ita. Ya nuna wata 'yar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, ya ce sunanta fankiriyas, ƙari ne ya fito a kanta ya danne hanyar matsarmama, kuma ciwon daji ne. Shi ne mutum na farko da ya faɗi kalmar a gaban Yaya. Yaya ya ce, "Allahu Akbar," ya gyara hula.

Likita ya ce, "A wannan hoton ƙarami ne, bai kama jijiyoyi ba. Irin wanda muke gwada cirewa ne. Ban ce da ya warke ba, Malam, wannan ciwo mugu ne ko an kama shi da wuri. Amma da mun gwada." Ya sa yatsa a saman wasiƙar, inda aka ja layi biyu ƙarƙashin wata magana. "Nan ta rubuta a gan shi cikin makon nan. Da ko mataimakina ka ba."

Na ce, "Ya gani, ranka ya daɗe. Ya ce taka ce."

Likita ya ajiye wasiƙar. Ya ɗauki wayarsa ya kira wani, suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi 'yar dariya, sannan ya ce yana da mara lafiya da yake so a yi wa hoto gobe. Da asibiti na uku yake magana, inda aka ce mana sai bayan Sallah, bayan Sallah kuma aka ce sai an kira mu. Ashe asibitocin suna da waya. Ashe ma sun san juna, tare suka yi makaranta.

Aka yi hoto washegari. Ciwon ya haye hanta, ya nannaɗe jijiyoyi. Maganar cirewa ta wuce. Suka sa masa wani ɗan bututu ta ciki don ruwan matsarmama ya samu hanya. In faɗi gaskiya, daga ranar sun kula da shi ƙwarai. Fayil ɗinsa ya riƙa riga mu isa duk ɗakin da za mu shiga. Na ga yadda abin yake tafiya in an so ya tafi, kuma da ban gani ba da ya fi mini sauƙi.

A cikin a-daidaita-sahu, muna komawa gida ranar da aka faɗa mana sakamakon sabon hoton, Yaya ya jingina da kafaɗata. Ba nauyi gare shi. Mun wuce Ƙofar Mata, ya leƙa ya ga abokan aikinsa suna tsoma zane a karofi, ramukan rini, bai ce a tsaya ba.

Can ya ce, "Wannan karon dai ba aron littafi ba ne."

Na gyara masa zama.

"Kai dai ka isar," in ji shi. "Hannu da hannu. Da Baba yana nan da ya ji daɗi."

Har yau ban san ko zolaya ce ko lallashi ba. Yaya bai taɓa raba su ba tun muna yara, ba a ranar zai fara ba.

Bututun ya yi amfani. Ido ya washe, ƙaiƙayi ya tafi, ya jefar da totuwar. Ya ci tuwo sau biyu ko uku da marmari. Ya ga babbar Sallah a zaune a zaure, ya ɗanɗana hantar ragonsa, ya ce ta fi tasa lafiya. Bayan nan ciwon baya ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi ya kira ni ya ce kada in ɗora wa kaina, kwana ne ya ƙare, Wanda ya rubuta kwanan mutum bai liƙe shi a ambulan ba. Ya rasu da safiyar wata Alhamis. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Idonsa fari tas, hannun nan kuwa mun cuɗa mun cuɗa, yana nan shuɗi, haka muka kai shi.

A zaman makoki kowa ya ce ajali ne. Na yarda, ban taɓa jayayya da wannan ba. Wasu sun yaba mini, sun ce ba su ga ƙanin da ya yi wa yayansa zirga-zirga kamar ni ba. Na ce na gode. 'Yarsa ba ta taɓa tayar da maganar ambulan ba. Takan zo gidana ranar Juma'a, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi jikina, ta tafi. Da zagina take yi da na samu abin riƙewa.

Kwanaki na ji a rediyo ana hira da wani jami'i, yana cewa za a haɗa asibitoci ta kwamfuta, mara lafiya ya shiga ko'ina a ga tarihinsa. Har an kafa kwamiti. Na yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya. Kafin kwamitin ya gama zama, ni ma ina ba da tawa gudummawar. Na fara ɗinka wata jaka mai aljihu uku, kowane asibiti da nasa, da wani dogo a baya na faifan hoto. Ba abin da ya fi ta fita a rumfata yanzu. Mutane suna yaba ɗinkin.

A watan jiya wani dattijo ya zo, mai sayar da kanwa ne a nan cikin Kurmi, mun san juna sama-sama. Ya ce yana son jaka daidai wata takarda, ya zaro ambulan ruwan ƙasa daga cikin riga. A liƙe, da hatimi, da suna a baya. Ya ce na matarsa ne, idonta ne ya canza kala.

Na ce, "Me aka rubuta a ciki, Malam?"

"Oho. An dai ce in ba babban likita hannu da hannu. Ba ya gari, wai sai mako na sama."

"Tun yaushe take hannunka?"

"Yau kwana goma sha ɗaya."

Na ce ya kawo in auna. Ya miƙo. Na ɗauki wuƙar da nake yanka fata da ita na zura a bakin ambulan. Yankan bai miƙe ba, ni da ban taɓa karkata yanka a fata ba.

"Subhanallahi! Malam, amana ce fa!"

Na ce, "Na sani. Taso mu je."

Na ja ƙyauren rumfa, muka bi ta lungu har makarantar da 'yar Yaya take koyarwa. Muka jira aka tashi tara. Ta fito da alli a hannunta, ta ga dattijon, ta ga takardun, ta ga bakin ambulan a yanke.

"Baffa, kai ka buɗe?"

"Ni na buɗe."

Ta dube ni ɗan lokaci. Sannan ta goge hannu a mayafinta ta karɓa, ta karanta daga sama har ƙasa, ta zaro waya ta ɗauki hoton kowace takarda. Ta yi wa dattijon bayani da Hausa, a hankali, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce gobe da sassafe su je, kada su jira kowa, duk likitan da suka fara samu su ajiye masa takardun a buɗe a kan tebur, su nuna masa layin farko.

Dattijon ya ce shi bai san kan asibitin ba, ko ƙofar shiga rikita shi take yi.

Na ce ni na sani. Na ce ya same ni a bakin masallacin unguwarsu bayan sallar asuba, ya taho da matar tasa da duk katin da suke da shi.